Karatun da Wilner Ya Zaɓa wa 'Yarsa

Wilner Desrosiers direban bas ɗin 'yan makaranta ne a garin Brockton na Amurka, kuma mutum ne da ba a ja da shi. In ya ce za a yi ruwa, ɗauki lemarka kawai ka huta da musu. Tun da ya baro Haiti yana saurayi ya ƙulla abu ɗaya a ransa: sai ya haifi likita. 'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Nadège, uwarta kuma ta rasu ta bar masa ita tana firamare. Saboda ita ya koyi kitso, wani irin kitso karkatacce da matan unguwa suka daɗe suna yi wa dariya.

Yarinyar tana son likitancin, ba wanda ya yi mata dole. Sai dai akwai piyano. Ita ke kaɗa shi a cocinsu ran Lahadi, har ka ga tsofaffin mata suna laluben hankici a jaka.

Da lokaci ya yi da ɗalibai ke zaɓar fannin da za su yi digirin farko a kai, kafin neman makarantar likitanci, ta same shi a kicin yana soya agada.

"Baba, kiɗa nake so in zaɓa. Darussan kimiyyar da ake nema zan haɗa su a gefe. Mai ba mu shawara a jami'a ta ce makarantun likitanci ba ruwansu da sunan digirinka, in dai ka yi darussan kuma ka ci da kyau."

"Ita ta haife ki?" Ya nuna ta da cokali. "Kin taɓa ganin likita ya shiga ɗakin tiyata da ganga? Taura biyu ba ta taunuwa, 'yata. Bayoloji za ki yi, magana ta ƙare."

Bayolojin ta yi. Ta lafta wa kanta darussan kimiyya masu nauyi, ta bar piyano, coci suka koma kunna faifai. Ta rame, dariyarta ta ɗauke, makinta ya riƙa zamewa. Wilner yana gani fa, ba makaho ba ne, amma sai ya ce ai ba a shan zuma sai an sha harbi. Ta gama da ƙyar. Ta nemi makarantun likitanci, duk suka ƙi ta. Ta sake nema, haka dai. Daga nan ta kama aikin ɗibar jini a wani ɗakin gwaji a garin Worcester, ta tare can, waya ma sai jefi-jefi.

Wata Lahadi aka yi walima a coci, saboda Fritznel, ɗan wata 'yar cocinsu Madam Célestin, ya samu makarantar likitanci. Wilner ya danne zuciyarsa ya je, ya ɗebi shinkafa da naman akuya, ya dafa kafaɗar yaron.

"Likita bokan Turai! Bayolojin nan dai ya ba ka wuya, ko?"

"Wane bayoloji, Kawu? Ni tarihi na karanta. Cikin waɗanda aka ɗauke mu tare ma har da wata da ta yi kiɗa."

Wilner ya ajiye farantin. Ko da ta yi kiɗan, za a ɗauke ta? Allah masani. Abin da ya sani shi ne yarinyar ta zo masa da gaskiya, shi kuma ya rufe mata baki da karin magana. Baƙin ciki ya tokare shi har ya kasa yi wa kowa sallama.

Washegari, yana sauke yaran safe, ya ɗauki motarsa sai Worcester. Ta fito lokacin hutun rana cikin shuɗin kayan aiki, ta shiga ta zauna gefensa.

"Lafiya, Baba?"

"Ashe gaskiya kika faɗa min. Ashe ana ɗaukar mai kiɗa."

"Na sani. Ko a ranar ma na sani."

"To me ya hana ki yi min taurin kai? Ki yi ihu, ki buga ƙofa, kamar 'ya'yan mutane!"

"Kai kaɗai gare ni, Baba. In na yi faɗa da kai, wurin wa zan koma?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Ki koma ki yi kiɗan, 'yata. Ko yanzu. Na yarda, wallahi na yarda."

Ta daɗe tana kallon gilashin gaba. Ba fushi a fuskarta, kuma shi da fushin ya gani da ya fi masa sauƙi.

"Na gwada bara," ta ce. "Na zauna gaban piyano, na buɗe shi, na sa hannu. Ban ji komai ba. Ba na marmarinsa yanzu."

Ta gyara masa wuyan riga, ta ce ya bi hanya a hankali, mutane suna jiran ta a ciki. Ya bi ta da kallo har ƙofa ta rufe, sannan ya kifa kai a sitiyari ya yi kukan da bai yi ba ko a jana'izar matarsa.