Baba Bokiti, Mai Karya Gadojin Yara

Ƙarfe shida da rabi na safe yake buɗe ɗakin, kullum, tsawon makonni huɗu na dogon hutu, yau shekara goma sha tara ke nan. Ɗakin koyon sana'a ne na wata makaranta, ana ara wa shirin koya wa yara ƙere-ƙere idan ɗalibai sun tafi gida. Kafin yaro ko ɗaya ya iso, sai ya bi tebura shida da tafin hannu yana laluben kan ƙusa ko sartsen katako. Ya ƙirga tabarau na kare ido, talatin da biyu, ya goge kowanne. Ya duba haƙoran zarto, ya matse bakin kwalaben gam da yaran suka bari a buɗe jiya, yana mita shi kaɗai. Daga nan sai ya je bayan ƙofa ya ɗauko wani tsohon bokitin ƙarfe da ya lotse ta gefe guda, ya rataye shi inda kowa zai gani. Saboda shi yara suke ce masa Baba Bokiti, har iyayen ma yawanci ba su san masa wani suna ba.

Ba shi ya kafa shirin ba, ba kuma hotonsa ake sakawa a takardar talla ba. Injiniyoyi matasa ne suke zuwa su yi wa yara bayani a allo, a tafa musu, su shiga mota su tafi. Shi ne mai zama da yaran daga safe har la'asar, yana nuna wa wannan yadda ake riƙe zarto, yana ɓanɓare wa waccan gam daga gashi. Ba mai sakin fuska ba ne, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Idan yaro ya cire tabarau a kusa da injin huda katako, kallo ɗaya yake yi masa, yaron ya mayar da kansa.

Babban aikin kowace shekara gada ce. Kowane yaro yakan ƙera tasa da siraran sanduna da gam da zare, tsawon kamu biyu. A rana ta ƙarshe sai Baba ya raba musu kati, ya ce kowa ya rubuta kilo nawa yake ganin gadarsa za ta ɗauka, ya sa hannu a ƙasa. Sai a ɗora gadar tsakanin tebura biyu, a rataya mata bokiti, shi kuma ya riƙa zuba yashi da kofi, a hankali, har ta karye. Ba wadda ake bari. Ko ta kai wane irin kyau, ko mai ita na kuka, sai ta karye. Sannan a auna bokitin a sikeli, a haɗa da abin da ke kati. Ba ya yaba wa mai gada mafi ƙarfi. Wanda lambarsa ta zo kusa da gaskiya, ba ta wuce ta ba, shi yake miƙa wa hannu.

Iyaye ba sa son wannan rana, kuma ina cikinsu. Bara ɗana ya rubuta kilo ashirin, gadarsa ta tarwatse a kilo huɗu, ya dawo gida da guntaye a leda, ko abinci ya ƙi ci. Raina ya ɓaci. Na ce wane irin tsoho ne wannan mai jin daɗin kukan yara? Da aka zagayo da takardar koke a daina karya aikin yara, ni ne na uku da na sa hannu, ko karanta ta har ƙarshe ban yi ba. Mu ashirin da uku muka sa. Sabon shugaban shirin, yaro mai fara'a da son a rabu lafiya, ya yanke cewa daga baɗi za a yi wa gadoji fenti, a jera su, a ɗauki hoto, kowa ya tafi da tasa gida. Da aka gaya wa Baba, abin da ya ce kawai, "To." Dama bana ce shekararsa ta ƙarshe, hannunsa ya fara rawa.

Maiɗakinsa ce ta ba ni labarin da ya sa nake wannan rubutu, da izininsa, bayan ta yi mini wankin babban bargo a bakin ƙofar makarantar. Kafin shirin nan, Baba ma'aikacin gwajin kankare ne a wani kamfanin gine-gine. Aikinsa, duk sanda aka zuba kankare, ya ɗebi samfuri, ya bar shi ya yi kwanakinsa, ya sa a inji ya matse har ya fashe, ya rubuta nauyin da ya ɗauka. Da wannan takarda ake sanin ko lokaci ya yi da za a cire katakan da ke tallafe da rufin bene. Wata rana injin ya lalace, manaja kuma yana sauri. Ya ce masa ai siminti ɗaya ne, yashi ɗaya, ya rubuta lambar da aka saba kawai, wa zai sani? Baba ya rubuta, ya sa hannu. Washegari aka cire katakai, rufin ya rufto. Mutum huɗu aka ciro ba rai, cikinsu har da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, birkila, wanda shi da kansa ya nema wa aikin a wurin.

Masu bincike suka zo, suka ɗora laifin a kan ruwan sama, suka tafi. Ba wanda ya tambaye shi komai. Maiɗakinsa ta ce da an ɗaure shi ma da ya fi masa sauƙi. Ya bar aikin, ya riƙe 'ya'yan ƙanen nan uku har suka girma suna ce masa Baba, kuma har yau idan babbarsu ta yi dariya irin ta ubanta, sai ya tashi ya fita waje.

Baba, kai ne ka ɗauki wannan nauyi shekara talatin ba ka sauke wa kowa ba. Kai ne ka yarda iyaye su kira ka mugu, ka yarda yara su tafi gida suna jin haushinka, don dai kada ko ɗayansu ya girma yana tsammanin ana iya sa hannu a kan abin da ba a gwada ba. Mu muna ganin sanduna da gam, ashe kai rufin nan kake gani duk sanda ka ɗaga kofi. Na ji kunyar kaina, kuma gara in faɗa a gaban mutane tunda a gabansu na yi.

A ranar ƙarshe ta bana wata mata ta shigo ta tsaya a jikin bango. Baba ya gane ta nan take, ya ce, "'Yar Kilo Biyu." Tana cikin yaran shekarar farko. Lokacin da kowa ke rubuta goma da sha biyar, ita biyu ta rubuta, aka yi ta yi mata dariya. Gadarta ta ɗauki biyu da kwata. Da ya tambaye ta dalili, ta ce akwai mahaɗi ɗaya ta ƙasa da ta yi wa ha'incin gam, kuma ta san da shi. Yanzu injiniya ce mai duba gine-gine, ko in ce da. Ta gaya masa cewa watanni bakwai da suka wuce an kawo mata takardar wani bene mai hawa uku, ta nemi sakamakon gwaji aka yi ta yi mata yawo da hankali, ta ƙi sa hannu. Aka sallame ta, wani ya sa. Benen yana nan tsaye, an rataya labule a tagogi, ana shanya kayan yara a baranda. Kullum sai ta bi ta gabansa ta ɗaga kai.

Baba bai ce mata sannu ba, bai kuma ce ta yi daidai ba. Ya ce, "Mutum nawa ne a ciki?"

Ta ce, "Iyali tara, Baba."

Sannan ya juya ya ce a kawo gada ta farko. Hannunsa na rawa, yashin na zuba a gefe, sai injiniyar ta matso ba tare da an ce mata ba ta karɓi kofin, shi yana tsaye yana ce mata a hankali, a hankali. Haka suka karya talatin da ɗaya.

Ta ƙarshe ta wata yarinya ce 'yar shekara tara, mai giɓi, wadda tun makon farko ta ishe shi da tambaya. Ya karɓi katinta ya juya shi gaba da baya. Ta sa hannu da manyan haruffa, amma wurin lamba ba komai. Ya ɗaure fuska ya tambaye ta ina lambar.

Ta ce, "Ai ba a gwada ba tukuna, Baba. Ta yaya zan sani?"

Yara suka fashe da dariya. Shi kuwa ya lalubi kujera ya zauna, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba a wannan rana. Ya ninke katin ya sa a aljihun gaba. Maiɗakinsa ta ce har yanzu yana nan a aljihun, ko wanki za ta yi sai ta cire masa ta mayar.

Mun gode, Baba Bokiti. Allah ya ba hannunka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Ku kuma malamai da masu sana'a da yara ke zama a gabanku, ku yi koyi da shi: ku bar yaro ya ga aikinsa ya karye tun yana na sanduna.

Na koma wurin shugaban shirin na ce a cire sunana daga takardar koken nan. Ya yi murmushi ya ce ai an riga an yanke, har an sayi fenti. Don haka na rubuta wata sabuwa, cewa a bar bokitin a inda yake. Tana wurina, kuma zuwa yau mutum bakwai ne suka sa hannu. Duk mai so ya zo, amma ya karanta ta har ƙarshe tukuna.