Mai Gadin da Yaya Ya Kora

Yayanmu mutumin kirki ne, wannan ba na ja. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya riƙa kai ni makarantar horon malamai a bayan babur ɗinsa. Amma Allah ya yi shi da wani irin tabbaci a zuciya wanda ba ya jiran sani. Abin da bai taɓa gani ba ma, ka ɗan ba shi lokaci, zai koya maka shi. Tun da ya yi ritaya daga ofishin ƙaramar hukuma a Zango ya dawo Daura, ya rasa ma'aikatan da zai gyara wa aiki, sai ya juyo kanmu.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka don tsara jarrabawa. Na saka mata maganin bairos na kyauta, wanda kamfanin da ya yi babbar manhajar kwamfutar ke bayarwa da kansa. Na sha wuya kafin ya sauka, ina zaune bakin taga da modem ina lallaɓar netiwok. Yana da ɗan tambari kore a ƙasan allo, idan ya ga abin da bai yarda da shi ba sai ya koma ja. Mai gadi nake ce masa. Yaya kuwa tun ranar farko ya raina shi.

"Kyauta?" ya ce. "Bature ya ba ki abu kyauta, ke kuma kin yarda magani ne? Ko maganin sauro ai saye ake yi."

Abin da ke cikin kwamfutar nan ya wuce jarrabawa. Innarmu, a ciwonta na ajali, ta sa na ɗauki muryarta a waya. Saƙo ne ga autarmu da ke aure a Damagaram. Zuwanta na ƙarshe sun rabu ba daɗi a kan wata 'yar magana, Auta ta ɗaga wa Inna murya, ta tafi ba sallama. Kafin ta dawo ba da haƙuri ciki ya yi mata nauyi, likita ya hana ta shiga mota, Inna kuma ta rasu. A saƙon Inna ta ce ta yafe mata duniya da lahira, ta sa mata albarka, har da yi mata tsiya cewa har yau tuwonta gudaji ne.

Na so in kunna mata ta waya, ta ƙi. "Anti, kada ki sa min a nan," ta ce. "Bari in haihu in yi arba'in, in zo in zauna a kan gadonta in ji." Ana haka aka zare min wayar a kasuwar Mai'adua. Na yi takaici, amma hankalina bai tashi ba, don na riga na kwafe muryar a kwamfuta, na kuma ajiye wani kwafin a filashi, cikin aljihun jakar kwamfutar.

Sai aka tura mu bita Katsina. Saboda abin da ya sami wayata, na ji tsoron shiga motar haya da kwamfuta, na ɗauke ta da jakarta na kai wa Yaya ajiya. A gidanmu ba a cewa babba kada ya taɓa abu. Ajiya kawai ake cewa, a sa rai ya gane.

Sauran labarin daga bakinsa na ji, kuma da alfahari ya ba ni shi.

Azumi ya matso. Tun da aka ƙaddamar da shari'a, masu tura waƙoƙi a bakin tasha suka mayar da wa'azi da tafsiri gaban teburi, kowane dattijo a majalisarsu Yaya yana da nasa a waya. Yaya ya ga ba dalilin da zai sa ya saurara a ƙaramar waya alhali ga kwamfuta a ɗakinsa tana zaman banza. Ya laluba jaka, ya sami filashi, ya kai wa mai turi ya ce a cika masa da tafsiri. Mai turi ya ce wuri ba zai isa ba sai an goge abin da ke ciki. Yaya ya ce a goge.

Da ya dawo gida ya soka filashin, mai gadi ya yi ja, ya ce akwai cuta, ya kama wani abu daga ciki ya kulle. Nan ran Yaya ya ɓaci. A ganinsa, filashin da ke ɗauke da karatun Alƙur'ani aka kira mai cuta, kuma abin da ya kira shi hakan abin Turawa ne da suka raba kyauta. Ya ce dama ya san ba banza suka ba da shi ba. Mutumin da ko rubuta saƙo a waya sai ya sa tabarau ya yi ta fama, ranar nan ya zauna ya bi manhajar lungu-lungu har ya gano inda ake kashe ta.

Tafsiri ya kunnu, ya saurara, ya gayyato abokai suka saurara. Daga nan kwamfuta ta fara nauyi, ta fara buɗe abubuwa da kanta, wata safiya ta ƙi tashi gaba ɗaya. Don kada in dawo in tarar da ɓarna, ya ɗauke ta ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya ce sai an yi fomatin, wato a share komai a sake zubi, ya kuma tambaya ko akwai abin da ake so a ciki. Yaya ya ce jarrabawa ce, kuma an riga an yi ta.

Ranar da na dawo ya miƙo min ita yana murmushi, da wani faifai a kwali mai walƙiya. "Na sa an wanke miki ita tas," ya ce. "Na kori wancan mara kunyar, na sa miki na saye, mai ƙarfi."

Na buɗe, na duba ko'ina, ba komai. Na zaro filashi, tafsiri ne zalla.

"Yaya, muryar Inna fa?"

"Ba tana waya ba?"

"An sace wayar, Yaya. Kai ka raka ni kai rahoto."

Shi a saninsa murya a waya take zama, kwamfuta kuwa ta takardu ce. Na ce masa ba karatun ne ke da cuta ba, filashin ne ya kwaso ta daga kwamfutar mai turi, kamar gero mai kyau a buhu mai ƙwari. Ya ce to me ya hana abin ya yi bayani da ladabi. Wallahi ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba, kuma ba halin in nuna, don yayana ne. Na shiga banɗaki na yi kukana. Daga baya na kai kwamfutar Katsina, na kai ta Kano, kowa ya ce sabon zubin ya hau kan tsohon, ba abin da za a ciro.

Ban iya gaya wa Auta ta waya ba. Ta yi arba'in, ta iso da jaririyarta wadda aka mayar wa sunan Inna. Ko ruwa ba ta sha ba ta wuce ɗakin Inna, ta zauna bakin gado, ta gyara goyo, ta ce, "Kunna min."

Yaya ne ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban ƙannensa ba. Ya gaya mata abin da ya faru, bai rage komai ba. Sannan ya ce yana ɗakin lokacin da Inna ta yi maganar, ya maimaita mata ita tun daga farko, har da zancen gudajin tuwo. Ni ma na ce haka aka yi, na rantse mata.

Auta ta saurara har ya gama. Ta ce, "Na yarda, Yaya. Amma da ta ce ta yafe, murmushi take yi ko dai don ta ga za ta tafi ne?"

Yaya ya ce murmushi take yi. Ni kuwa na tuna muryarta tana rawa, na rasa ko ciwo ne ko wani abu, sai ban mara masa baya ba, Auta kuma ta lura.

Jaririyar nan yanzu ta shiga sakandare. Har yau, duk azumi, Auta takan kira ni ta ce in sake faɗa mata abin da Inna ta ce. Ina faɗa, ina ƙoƙarin kwaikwayon muryar. Takan bari in kai ƙarshe, sannan ta ce, "Ba haka take magana ba, Anti."