Gurbin da Nasiru Ya Ƙi Cirewa

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Nasiru, Allah ya jiƙansa. Ni tela ne a Kontagora, ban san kwamfuta ba. Amma na san aikinsa na ƙarshe, domin a shagona yake zama ya yi shi.

Wani kwamitin rabon taki ne ya sa shi rubuta manhajar rajistar manoma. Suka ba shi jerin garuruwa, kowane manomi a zaɓa masa nasa. Nasiru ya duba ya ga ƙauyuka da dama na bayan Beri da Sahon Rami ba sa ciki. Sai ya ƙara gurbi ɗaya a ƙasa, domin duk wanda garinsa ba ya cikin jerin a rubuta masa shi a wurin.

Shugaban kwamitin ya zo har shago.

"Malam Nasiru, cire gurbin nan, yana ɓata mana tsari."

"Ranka ya daɗe, in na cire, mutanen nan ta ina za su shiga?"

"Wannan ba aikinka ba ne."

Da ya fita, Nasiru ya ce mini, "Yaya, ka lura? Duk ƙauyen da aka manta, wanda bai zaɓi jam'iyyarsu ba ne."

Bai cire ba. Ba a yi mako biyu ba aka canza lambar sirrin shiga manhajar, aka miƙa aikin ga wani kamfani, wai nasa ba shi da inganci. Kamfanin ya cire gurbin. Ban yarda ba a lokacin, yanzu ma ban yarda ba. Ciwo ne ya ɗauke shi, wannan ba na ɗora wa kowa. Zargina a wani wuri yake.

Tun daga nan an sauya shugabannin kwamitin, jerin garuruwan ma ya sauya tare da su. Gurbin ne dai ba wanda ya mayar. Nakan ce da yana raye, ko mamaki ba zai yi ba.

Bana na raka Baba Danjuma wurin rajista, wani manomi daga wajen Rijau da ya daɗe yana kawo mini ɗinki. Ma'aikacin ya danna ya danna, ya ce, "Baba, kwamfuta ta ƙi garinku."

Na ce, "Ɗana, kwamfuta ba ta ƙin kowa. Wa ya rubuta jerin?"

Ya sunkuyar da kai. Baba Danjuma ya koma gida ba taki, ga damina ta kama.

Nasiru bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Tambayar nan ya bar mini, kuma har yau ba wanda ya faɗa mini sunan mai rubuta jerin.