Bakin da Ke Kallon Madafa

Duk wanda ya san garin Sheme ya san Malam Ɗanlahadi mai gyaran rediyo. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, don haka na fi kowa shan wahalarsa, kuma ban taɓa son wani maƙwabci kamarsa ba. Mutum ne da ba ya iya wuce tsohon ƙarfe a bola bai duƙa ba.

Abin da ya fi ji da shi wata lasifika ce da ya samo a wani gidan sinima da aka rufe a Funtuwa. Ƙatuwa ce, baki takwas gare ta kamar saƙar zuma, kowane baki na kallon nasa gefen don murya ta bazu ko'ina. Ranar da ya kafa ta a tsakar gida ya haɗa ta da batirin sola, kajina sai da suka kwana biyu ba su yi ƙwai ba. Na leƙa ta katanga na ce, "Malam, wanga gida ne ko filin Idi?" Dariya kawai ya yi.

Daga baya na gane nufinsa, har na ji kunyar tsiyar da na yi masa. 'Yarsu ta fari, Zulaihatu, tana aure a Sabuwa, kuma shekara biyu ke nan rashin lafiyar hanya bai bar ta ta zo gida ba. Sai dai ta aiko saƙon murya a wayar babanta. Uwarta Rakiya kuwa kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin waya sai an manna mata. Ita kuma ina! Kunyar 'yar fari ba ta barin ta ko faɗin sunan yarinyar, balle a gan ta rungume da waya tana sauraronta. In Malam ya miƙa mata sai ta ce, "Mi zan yi da ita? Tuwona na bisa wuta." Amma matata ta sha ganin ta tana goge ido da bakin zane.

Sai Malam ya toshe baki bakwai da tsummoki, ya bar guda, wanda ke kallon madafa. Kullum da hantsi, in Rakiya na tankaɗe, sai ya zauna a tabarma ya ba ta baya, ya kunna saƙon ta lasifikar kamar don kansa. Muryar Zulaihatu ta miƙe har gindin murhu: an cire masara, ɗanta Adnan ya fara tafiya, a gaida Inna. Rakiya ba ta ɗaga kai. Rariyar dai takan tsaya a hannunta har saƙon ya ƙare. Ni ma na huta, kajina suka koma bakin aikinsu.

Da daminar bana zazzaɓi ya kwantar da Rakiya a ɗaki, kwana uku ba ta leƙa madafa ba. Malam ya rasa dabarar da zai yi ba tare da ya tona ta ba. Rana ta huɗu ya dawo daga sallar Azahar, sai ya ga an buɗe bakin da ke kallon ƙofar ɗakinta. Tsumman na ajiye a kan turmi, an ninke shi tsaf.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wa ya taɓa mani lasifika?"

Daga ciki ta ce, "Ƙila ɓera ne."

"Ikon Allah! Ɓerayen Sheme har ninki sun iya."

Ya zauna a tabarmarsa, ya ba ɗakin baya, ya kunna saƙon. Ya saurara har ya ƙare. Can sai na ji muryar Rakiya ta katanga, ƙasa-ƙasa: "Malam, anya ka ji da kyau kuwa? Sake sa shi ka ji."