Ranar da Aka Rasa Mai Jan Igiyata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Laraba ta tsakiyar bazara ba, ranar da na zauna a gindin rijiya ina sauraron mutane suna gardamar kakanni a bisa kaina. Ku yaran yanzu masu hular roba da wayar talho a aljihu, ku matso, wannan ba ya cikin abin da aka koya muku.

Lokacin ina haƙar rijiyoyi a ƙarƙashin ma'aikatar ruwa, aka tura mu wani ƙauye a yankin Guci. Ni a aji uku na bar lakwal, makarantar boko, bayan ni da mushe, wato malaminmu, mun yarda cewa ba za mu jitu ba, shi ya sa muƙamina ya zama na can ƙasa. A bisa akwai shef ɗinmu, wato shugaban aikin, Mushe Sani, mai awo, sai Lawali abokin aikina mai tsaron bakin rami. Ƙasar wajen rairayi ce. Ana haƙa kaɗan, a ɗaure bango da siminti, sannan a ci gaba. Ran nan siminti ya ƙare, shef ya hau moto ya tafi Magariya nema, ya bar ni da wajen tsayin mutum na bangon da ba a ɗaure ba, a zurfin gaba goma sha wani abu.

Ƙauyen unguwa biyu ne, ta Hausawa manoma da ta Fulani masu noma da kiwo. Gari ne ke ba da masu jan igiya, kuma a al'adarsu duk wanda hannunsa ya ja igiyar haƙa, zuri'arsa na da haƙƙi a ruwan. Saboda haka suke karɓa-karɓa, kuma ranar ta Fulani ce.

Mu ma muna da tamu ƙa'ida: abin da hannun mutum ya ƙera, in ya fito daga ƙasa, sai an nuna wa masu gari. Da hantsi digata ta bugi wata tsohuwar tukunya, a cikinta da munduwar ƙarfe mai kauri. Na yi bisimilla, na sa a guga, aka ja.

Gugar ba ta dawo da wuri ba. Da ta dawo kuma, sai aka saki igiyar ta yi laƙwas. Na ji muryar mai gari.

"Wannan ƙirar maƙeranmu ce. Ga shaida Allah Ya fito da ita, mu muka sare dajin nan."

Arɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, kakarka ta taɓa sa irin wannan? Ta matanmu ce. Shanunmu na kwana a nan tun gatarinku bai zo ba."

Nan take mutanen mai gari suka ce Bafulatani ba zai sake jan igiya a ƙasar iyayensu ba. Fulani suka ce to, Bahaushe ma ba zai taɓa ta ba. Lawali shi kaɗai ba ya iya ɗaga ni, sai ya zauna a kan bakin igiyar don kada ta zubo mini. Ni kuma ba na iya hawa, don in na taka bangon nan, tare za mu sauko.

Ku da ba ku taɓa jin tafiyar taro daga ƙarƙashin ƙasa ba, jiki ke jin ta kafin kunne. Rairayi ya fara zubowa siriri, kamar ana tankaɗe. Ya rufe idon sawuna. Na ɗaga kai, sama ta koma kamar faifai, babu kan kowa sai na Lawali.

"Baba Idi, kana lafiya?"

"Ƙalau, iska nake sha. Ja ni, ɗan nema!"

"Sun ce a dakata tukuna a gano masu wuri."

"Ka ce musu in suka ƙara jinkiri, ƙashina za a tono nan gaba, su raba shi!"

Da baki kawai nake barkwanci. Wani ɓangaren bango ya tsage a bayana, ya zauna a hankali, rairayi ya kai mini gwiwa. Mai sanyi ne, yana matsewa kamar hannu. Na ɗaura igiya a ƙugu, na yi kalmar shahada, na sake yi don kada ta farko ta zama da gyara. Na tuna mai tukunyar nan ma wata rana ta yi girki a inda nake tsaye, ƙasa ta hau kanta, kuma ba wanda ya san yaren da take yi. A bisa har an fara kiran sanduna.

Allah Ya kawo wani Buzu mai kanwa, zai ci kasuwar Guci, ya ratso da raƙuminsa neman ruwa. Lawali ya kwarma ihu: "Jama'a, wannan fa? Yana da kaka a garin nan?"

Mai gari ya ce ba shi da. Arɗo ya ce shi ma bai san shi ba. A kan wannan kaɗai suka yarda da juna ran nan. Aka ɗaura igiya a sirdi, raƙumi ya ja, na fizgu kamar rogo, takalmina ɗaya ya zauna. Ban kai rabi ba na ji bangon ya rufta a ƙarƙashina, ƙura ta biyo ni har baki.

Shef ya dawo ya kwashe tukunya da munduwa ya kai mairi, wato ofishin ƙaramar hukuma, aka zauna da dattawa, muka sake haƙa. Yau unguwa biyun suna sha, kuma kowace tana cewa ita ce ta asali. Ban ce ƙarya suke ba. Na dai haƙa ƙasar Dungas da Magariya har gashina ya yi fari, kuma sau da yawa in na yi zurfi sai in tarar wani ya riga masu rigan.

Don haka in an tura ku gari, ku gaida mai gari, ku gaida arɗo, ku ji tarihin kowa da ladabi. Amma kafin ku sa ƙafa a rami, ku tabbatar da wanda zai ja igiyarku, kuma in da hali, a samo baƙo.