Takalman da Kinue Ta Ƙi Yankawa

A ƙauyenmu na bakin kogin Saru, babu wanda ya kai Kinue adana kaya. Igiyar da ta ɗaure tumatir da ita bana, ita za ta kwance, ta wanke, ta ɗaure na baɗi. Mijinta Tokuji yakan ce shi ma don ya tabbata ba za a taɓa yar da shi ba ne ya aure ta.

Kakarta ce ta rene ta, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ainu mai zanen shuni kewaye da baki. A wurinta Kinue ta koyi noman gero, da ɗinkin ado a bakin riga, da abin da ake yi wa mamaci. Kowane kaya yana da rai, in ji tsohuwar, kuma ran ba ya fita sai an ji wa kayan ciwo. Shi ya sa in mutum ya mutu ake fasa kwanonsa, a karya bakin wuƙarsa, a yaga rigarsa, don su bi shi can. Abin da aka bari lafiya lau, a nan zai zauna. Ƙasar matattu kuwa a juye take: in muna zufa, su suna tsakiyar hunturu.

Tokuji ya rasu ana cikin dashe. Malamin haikali ya yi nasa karatun, 'ya'ya suka zo daga birnin Sapporo, suka yi kuka, suka koma bakin aikinsu. Da gida ya yi shiru, Kinue ta tattara kayan mijin ta hau bakin dajin da ke bayan gona. Ta fasa kwano, ta karya lofe, ta tsaga hula. Da ta zo kan dogayen takalmansa na roba, sai hannu ya ƙi. Sababbi ne fil, ko laka ba ta gama sabawa da su ba. Ta juya su, ta shafa, ta ce a ranta ai wanda ya kwanta ba tafiya zai yi ba. Ta sauko da su ta ba ƙaninsa Yasuo.

Sai da tumatir ya fara ja abin ya soma.

Wata safiya, hazon kogi bai gama tashi ba, Kinue ta ɗaga labulen rumfar ledar da take noman tumatir a ciki, ta ga sawu a tsakanin kunyoyi. Sawun mutum ne, ba takalmi. Ya shigo ta ƙofar da ke fuskantar daji, ya bi layin tumatir a hankali, ya tsaya daidai kifaffen akwatin da ita da mijinta suke zama shan shayi. Rumfar da zafi kamar tukunya, amma da ta sa yatsa a cikin sawun sai ta ji ruwa mai sanyin da ya ratsa ta har gwiwar hannu. Ganyen da ke kusa duk ya yi baƙi, irin baƙin da sanyi ke yi masa. Karensu ya tsaya a ƙofa yana kaɗa wa akwatin wutsiya.

Ta share sawun da fartanya. Washegari ya dawo.

Da abin ya ƙi ƙarewa ta kira Yasuo. Ya zo yana taku ɗai-ɗai cikin takalman, kamar wanda aka ba sarautar ƙauye.

"Matar Yaya, barewa ce," ya ce.

"Barewar gidanku ce mai diddige?"

"To baƙo ne. 'Yan yawon buɗe idon nan masu zuwa kallon sassaƙar ƙauyenmu, ba inda ba sa kutsawa. Ko kuwa kin yi saurayi, kunya ta hana shi zuwa da rana?"

"Tsohon banza. Duƙa ka duba ƙafar hagun."

Ya duƙa. Ƙaramin yatsa babu. Duk ƙauyen an san dokin da ya taka ƙafar Tokuji ya raba shi da yatsan tun yana saurayi, Yasuo ne ma ya goya shi zuwa gida ranar. Ya daɗe a duƙe, dariyar ta bushe a bakinsa.

"Ina ta jin nauyin gaya miki," ya ce. "Kullum in na cire su nakan juya bakinsu wajen cikin gida. Da safe sai in tarar suna kallon daji. Cikinsu kuma jiƙe."

"Shi ne ka ci gaba da sawa?"

"Ai ke kika ba ni! Kuma sun yi mini daidai."

Nan take ya zauna ya tuɓe su. Mun gan shi ranar yana tsallaka titi da safa, yana ɗingishi a kan tsakuwa, bai kula kowa ba.

Kowa ya ɗauka Kinue za ta hau daji a ranar. Ba ta hau ba. Ta san sarai mijinta na can yana taka dusar ƙanƙara da tsirarar ƙafa, kuma ita ta jawo. Amma tun da sawun ya fara zuwa, ta daina shan shayi ita kaɗai. Takan zuba kofi biyu, ta zauna gefen akwatin, ta ba shi labarin tsutsar da ta kama tumatir da rigimar 'yan ƙungiyar manoma. Bai taɓa katse ta ba, abin da bai iya ba yana raye. In ya sami takalmi, me zai dawo nema?

Sai ta yi dabarar da ta ga kamar adalci ce. Ta kai ƙafar dama daji ta tsaga, ta ɓoye ta hagu a ƙarƙashin buhun taki.

Da safe ga sawu ya zo: ɗaya na takalmi, da zanen tafinsa raɗau, ɗaya na ƙafa. Wannan karon bai je wurin akwatin ba. Kai tsaye ya nufi buhun takin, ya zagaya shi, ya sake zagayawa. A cikin sawun hagun, inda diddige ya danna ƙasa, akwai ɗan jini-jini, irin na kaushin da sanyi ya tsaga.

Kinue ta tsaya tana kallo har shayin hannunta ya huce.

"Haba mai gida," ta ce. "Da ka yi magana mana. Kai kullum sai an yi ta duba fuskarka."

Ta ciro takalmin, ta ɗauki almakashin yankan tumatir, ta hau. Robar ta yi tauri, sai da ta sa hannu biyu. Ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, ta gyara musu zama, ta juya.

Mai saukowa daga wurin matattu ba ya waiwaye, kowa ya san wannan. Rana ta riga ta ɗaga, ƙwari na ta kuka a cikin ciyawa, zufa na bin wuyanta. A bayanta ta ji taku, ƙurus, ƙurus, ƙarar takalmin roba a kan sabuwar dusar ƙanƙara, ƙafa biyu, ba ɗingishi. Ta tsaya cak ta kasa kunne, ko zai biyo ta.

Daji ya nufa. Ta tsaya a nan, fuskarta na kallon gona, har ƙarar ta ƙanƙance ta ɓace.