Jar Dawar Kwatano

Shekarar da damina ta biyu ta wuce ba mu ɗaure abin kirki ba, wana ya dawo gida. Shekara goma sha ɗaya yana Kwatano yana dako a tashar jiragen ruwa. Ko rasuwar mahaifinmu bai zo ba, sai gaisuwa ya aiko ta bakin wani direba. Ni na riƙe gida, ni nake noma gonar gado, da rabona da nasa. Ranar kasuwar Cadawa ya sauka daga mota da jaka ɗaya, ya ƙaraso ƙauyenmu a ƙasa. Na yi murna, amma ba ta daɗe ba. Kowa kudu yake gudu a lokacin, shi me ya kawo shi arewa?

Da la'asar maza suka taru ƙarƙashin gawo suna jin labarin bakin teku. Ya ce lokacin da ya fara zuwa babu tashar kirki, wata doguwar gada ce ta ƙarfe ta shiga cikin ruwa. Jirgi yakan tsaya can nesa, a sauke kaya cikin kwale-kwale, igiyar ruwa na wasa da su. Daga baya aka yi ta jibga duwatsu cikin teku har aka tare shi, jirage suka riƙa zuwa jikin bango.

"Gyaɗarku na yi shekaru ina ɗauka a ka tana shiga jirgi," in ji shi. "Yanzu gyaɗa ta daina zuwa. Dawa ce ke fitowa, ja, ta taimako. An ce taku ce."

Wani dattijo ya gyara zama ya tambaya yaushe za ta iso.

"Baba, kada ku jira ta. A fili na baro ta, ɗakunan ajiya sun cika, kuma ruwan sama a can ba ya ɗaukewa kamar namu. Jirgin ƙasa a rabin hanya ya ƙare, daga nan sai an samu motoci. Mai ƙarfi ya kwashi iyalinsa ya yi wajen Katsina tun ƙafa na ɗaukarsa."

Wasu sun gaskata shi. Ni abin da na lura da shi daban ne: ya ce mu tafi, bai ce mu tafi tare ba. In na tafi, wa zai rage a kan gonar?

Na sa mashi ido. Kwana uku da zuwansa na hango shi yana bin iyakar gona, yana tsayawa kan kowane gindin gamba da mahaifinmu ya dasa. Kasuwar da ta zagayo na gan shi zaune a rumfar wani mai hatsi, wanda kowa ya san yana karɓar gonakin masu tafiya a shekarar. Sun jima suna magana. Matata ta ce in bar zargi, mutumin da ya daɗe bai ga gonar ubansa ba dole ya zagaya ta. Na ce mata ta yi shiru.

Wata safiya na same shi yana gyaran darni.

"Yaya, kai ma Katsinar za ka?"

"Ni ina za ni? Yanzu na zo."

"To, ni ma ina nan."

"Ƴaƴanka nake ji maka."

"Gonar fa, wa kake ji mata?"

Ya juya ya ci gaba da ɗaurin kara. Wannan ma na ɗauke shi shaida.

Ban tafi ba. Awaki suka ƙare, muka koma cin dusa da anza, ƴaƴan daji masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki kafin su ciwu. Ƙaramar ɗiyata, wadda aka yaye a shekarar, cikinta ya ɓaci, ba ta tashi ba. Wana ne ya haƙa kabarin, don ni na kasa.

Dawar ta iso bayan ruwan shuka. A Agye aka raba ta, jandarmomi na tsaye. Da muka kwance buhun da ya faɗo wa gidanmu, rabinsa ya dunƙule kamar tubali, yana warin ruma, ƙwari na yawo a ciki. Wana ya sa aka shanya, aka sheƙe, aka wanke sau uku, ya nuna wa mata wadda za a ci da wadda za a zubar. Bai ce ai dama ya faɗa mana ba. Bayan noman fari ya ɗauki jakarsa ya koma. Bai yi maganar gado ba, ni ma ban tayar ba.

Wajen shekara goma bayan nan wani farin ya sake kama mu, sai ga wasiƙa daga gare shi. Malamin lakol, wato makarantar boko, ya karanta mani. Ya ce an faɗaɗa tashar, yanzu kaya cikin manyan akwatunan ƙarfe suke zuwa, inji ke ɗaga su, aikin ƴan dako na raguwa. Amma har yanzu akwai buhunan hatsi da sai da kai, kuma ya san mai ɗaukar ma'aikata. In aiko mashi babban ɗana, ko baki ɗaya ya ragu a gida.

Na sa malamin ya sake karantawa, ina sauraren inda ya ɓoye wani abu. Ban ji ba. Na kwana uku ina juya maganar, ɗan nawa kuwa, wanda ya isa aure a lokacin, ya riga ya haɗa kayansa. Na raka shi Cadawa. Da mota ta cika na jawo shi gefe na ce ya yi wa baffansa biyayya, ya gaishe mani shi da kyau, amma duk takardar da aka miƙo mashi aka ce ya dangwala yatsa, kada ya taɓa sai ya aiko ya tambaye ni.